Wane irin iyali ne ke hana mutum Jumu'a?

Tun farkon 2022 nake rubuta manhaja a wani kamfanin fasaha da ke unguwar East Legon a Accra, babban birnin Ghana, kuma wallahi tura ta kai bango. Ranar da aka ɗauke ni, Mma ta dafa waakye, wato shinkafa da wake, ta raba wa maƙwabta a unguwarmu ta Nima, ɗanta ya samu aikin kwamfuta. Manaja ya zagaya da ni ofis mai sanyi da kujeru masu laushi, ya dafa kafaɗata ya ce a nan duk iyali ɗaya ne. Na ɗauki maganarsa da gaske, shi ya sa abin yake ci mini rai har yau.

Masu ba mu aiki suna Niyok ne, a Amurka. Ƙarfe tara na safensu ƙarfe ɗaya ne na ranarmu, idan sanyinsu ya shigo ya koma biyu. Sai aka ɗauki babban taron mako aka ajiye shi ranar Jumu'a, daidai lokacin da liman ke hawa mumbari. Mu biyar ne Musulmi a sashenmu. Muka je a tare, cikin ladabi, muka roƙi a matsar da shi ko da awa ɗaya ne. Aka ce ba a taɓa jadawalin abokin ciniki. Amma da wani Bature a can ya ce lokacin ya ci karo da kai yaransa makaranta, a makon aka ɗaga taron! Tasa bukatar bukata ce, tamu kuwa surutu? Na kirga, Jumu'a goma sha ɗaya na rasa a jere, ina zaune gaban kyamara ina gyaɗa kai, zuciyata na tafasa.

Azumi ya fi muni. Magariba a Accra ba ta wuce shida da 'yan mintuna, su kuma a lokacin rana tsaka ce, aiki ya yi zafi. Akwai ranar da na sha ruwa da dabino biyu da na ɓoye a aljihu, na sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai neman biro don kada a ga bakina yana motsi. Da na isa gida goma ta wuce, kokon da Mma ta ajiye mini ya daskare a kwano. Ta dube ni ta ce, "Yaro, aiki ne wannan ko bauta?" Na rasa ta cewa.

Kuma kada a ce mini haka harkar take. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce awa 8 a rana, 40 a mako, da hutun awa 12 a jere tsakanin aikin yau da na gobe. Ni ina fita bayan Asuba, in hau trotro, wato motar haya, zuwa tashar 37, in canza wata, in sha cunkoson mahaɗar titunan Tetteh Quarshie, in isa takwas. Tashi kuwa sai sun tashi a Niyok. Ko kwabo ba a taɓa ba ni na ƙarin lokaci ba. A WhatsApp ma ba a bar mutum ba: sha biyun dare saƙo zai shigo, in ba ka amsa ba gobe a ce ba ka da kishin kamfani. Ranar da dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kama unguwarmu batirina ya mutu, takardar gargaɗi aka ba ni.

Sai maganar kwantiragi, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Dokar nan ta ce wanda ya yi wata shida a jere yana wa mutum ɗaya aiki a ɗauke shi ma'aikacin dindindin. Masu kamfanin kuwa sun rubuta mu 'yan kwangila, don kada su biya kashi 13 cikin 100 na fansho da ke kansu. Na duba asusuna na SSNIT, hukumar fansho ta Ghana, fayau, ba a taɓa zuba ko sidi ɗaya ba. Da dala ake biyansu, mu da sidi. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54, kuɗin haya da na mota suka tashi, albashinmu yana nan inda yake. Da muka yi magana, riguna masu tambarin kamfani aka raba mana.

Wata 'yar'uwa daga Madina Zongo, wadda duk ofis ba wanda ya kai ta iya aiki, ta tambayi hutun haihuwa a gaban kowa. Wata biyu bayan nan aka ƙi sabunta mata kwantiragi, aka ce ba ta dace da tsarin wurin ba. Kowa ya yi tsit, domin samari masu digiri sun cika gari suna jiran kujerar.

Ni dai na gama haƙuri. Mu huɗu da muka rage mun haɗa takardunmu da hotunan saƙonnin dare, ranar Litinin za mu kai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Jumu'ar nan kuma sha biyu da rabi zan rufe kwamfuta in yi alwala in fita, duk wanda ke nemana ya jira in dawo daga masallaci.