Calliope: Sunan Girkawa da Ake So Don Ba Kowa Ke da Shi Ba

Shafukan intanet da ke jera sunayen jarirai suna yi wa Calliope kirari biyu: ma'anarsa “kyakkyawar murya”, kuma ba kasafai ake cin karo da mai shi ba. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun bar fiye da rabin zancen a baya. A ganina, iyayen da suka raɗa wa 'yarsu wannan suna bisa waɗannan dalilai biyu kaɗai sun yi gaggawa.

Sunan haɗin kalmomi biyu ne na tsohon Girkanci, “kallos” wato kyau, da “ops” wato murya. Amma ba da ma'anarsa ya yi fice ba, da mai shi ne. A addinin Girkawan dā, Kalliope ɗaya ce daga alloli mata tara masu kula da waƙa da fasaha, 'ya'yan Zeus da Mnemosyne. Mawaƙi Hesiod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ita ce babbarsu. Rabonta shi ne doguwar waƙar jarumai, shi ya sa masu sassaƙa ke nuna ta riƙe da allo da abin rubutu. Ana kuma danganta mata haihuwar mawaƙi Orpheus. Musulmin da sunan ya burge ya kamata ya san haka kafin ranar suna, ya kai wa malami cikakken bayani, ba ma'anar kalma kawai ba.

Abin da ya raya sunan a Girka kuwa coci ne. Cocin Otodoks na girmama wata Kalliope da aka kashe saboda bangaskiyarta a zamanin Sarki Decius na Rum, wanda ya yi mulki daga 249 zuwa 251, ana kuma bikin tunawa da ita ranar 8 ga Yuni. Girkawa na yi wa yara baftisma da sunan waliyyi, suna kuma mayar da sunan kakanni ga jikoki. Saboda haka a can Kalliopi sunan kaka ne da ake gado, har a sakaya shi da Popi, kamar yadda Bahaushe ke sa wa 'ya sunan mahaifiyarsa sannan a riƙa kiranta Ummi. Babu wani baƙon abu a cikinsa a Atina.

A Amurka kuwa, shekaru da dama idan an ce “calliope” ba mutum ake nufi ba. Wani abin kiɗa ne mai busa da tururi, wanda Joshua Stoddard na Massachusetts ya yi wa rajista a 1855, ana jin ƙararsa daga nesa a wuraren wasa da jiragen ruwan kogi. Ba mamaki iyaye suka daɗe suna kauce masa. Sunan bai shiga jerin dubun farko na sunayen mata da aka fi raɗawa a ƙasar ba sai a 2016, bayan masu kallon wasan kwaikwayon talabijin na Grey's Anatomy sun shafe shekara goma suna ganin likita Callie Torres, wadda cikakken sunanta Calliope ne.

A nan ne ya kamata a san yadda ake karanta alƙaluman. Hukumar inshorar jama'a ta Amurka tana fitar da jerin duk watan Mayu, bayananta kuma sun faro daga 1880. Ana haifar yara mata kusan miliyan 1.8 a shekara a ƙasar, kuma sunan da aka raɗa wa wajen 250 kan samu gurbi a wutsiyar jerin. Kenan shiga dubun farko na nufin kamar yarinya ɗaya cikin 7,000. Ƙaranci ne na gaske. Amma lambar shekara ɗaya ba ta faɗar komai. A ɗauko na shekara goma a jere a ga inda sunan ya dosa. Sannan hukumar na ƙirga kowane salon rubutu daban, don haka sai an haɗa Calliope da Kalliope da Kalliopi kafin a san adadin yaran da za su waiwayo idan an kira. Sunan da bai kai yara biyar ba a shekara ba ya fitowa ko a babban kundin, a Ingila da Wales kuwa iyakar uku ce.

Wanda ke ganin ƙarancin zai dawwama ya dubi Penelope, shi ma na Girkawa. A shekarun 1990 ba ya cikin dubun farko ma. Tauraruwar talabijin Kourtney Kardashian ta sa wa 'yarta shi a 2012, a 2013 ya faɗa cikin ɗari na farko, bayan 'yan shekaru ya shiga talatin na sama. Sunan Sophia, wani na Girkawa, ya riƙe matsayi na ɗaya daga 2011 zuwa 2013. Dalilin a fili yake: dubban iyaye na karanta jeri iri ɗaya na “sunayen da ba kowa ke da su ba”, kowa yana zaton shi kaɗai ya gano. Kunnen da ya saba da Chloe da Zoe da Penelope kuwa ba zai ji Calliope baƙo ba.

Sai batun furuci, wanda shi ne yarinyar za ta fi fama da shi. Turawa na cewa “Kalayopi”, nauyin a gaɓa ta biyu. Girkawa na cewa “Kaliyopi”, nauyin a kan “yo”. Wanda ya fara ganinsa a rubuce kuma yakan haɗiye wasalin ƙarshe. A bakin Bahaushe “p” ɗin ba zai tsaya ba. Sunayen Girkanci da Kiristoci Hausawa ke amfani da su sun nuna hanyar: Petros ya zama Bitrus, Philippos ya zama Filibus, Stephanos ya zama Istifanus. Waɗannan sun zauna ne don harshe ya riga ya gyara su, kowa kuma ya san waɗanda aka yi wa takwara.

Wanda ya auna duk wannan kuma har yanzu sunan na ransa, to ya tsayar da salon rubutu ɗaya tun kafin a cike takardar haihuwa. Fasfon Girka na rubuta Kalliopi, Amurkawa sun fi rubuta Calliope, ma'aikacin rajista kuma abin da kunnensa ya ji zai buga. A rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, a duba kafin a sa hannu, sannan a bi wannan rubutun a katin rigakafi, rajistar makaranta da lambar NIN. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardu ya isa ya tsayar da neman fasfo, gyaransa kuma sai da takardar rantsuwa daga kotu.