Ku sakar wa yarinyar nan mara, allurar mijinta ce

Waɗanda suka ji abin da ya tashi a gidanmu ranar Asabar kan rashin haihuwar ƙanena da matarsa sun san abin da ya tunzura ni. Shekara uku ana yawo da baiwar Allah nan, daga mai rubutu zuwa mai sassaƙe, har an fara yi wa mijin neman aure wai ita juya ce. Da kyar aka lallaɓa shi ya yi gwaji, takarda ta fito babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa. Ashe tun kafin aure yake tsira wa cinyarsa Sustanon, wato allurar sinadarin maza da ake kira testosterone, a gidan ɗaga ƙarfe, don ƙirji ya buɗe, dantse ya ɗame riga.

Wallahi raina ya ɓaci. Allurar nan ce ta kashe masa haihuwa, kuma a gaban kowa zan faɗa.

Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina saƙo su samar da sinadarin testosterone da ƙwayar haihuwa. Da ta ga sinadarin ya cika jini daga waje, sai ta ɗauke saƙon, maraina su kwanta, har su ƙanƙance. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwajin allurar testosterone, miligiram 200 duk mako, a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma yawancin mazan ƙwayar haihuwarsu ta ɗauke cikin wata shida. Maganin hana haihuwa fa! Shi ƙanena yake saye da kuɗinsa, ita kuma tana shan gori a gaban tukunya.

Wani zai ce ai likitoci ma suna rubuta ta. Suna rubutawa, ga wanda aka ɗebi jininsa da sassafe har sau biyu aka ga sinadarin ya yi ƙasa, ga alamun ciwo a jikinsa, kuma ana bibiyarsa kada jini ya yi kauri. Ina haɗin wannan da lafiyayyen saurayi ɗan shekara 26 da mai horarwa ya zaro masa kwalba daga jaka?

Wai idan an daina komai zai dawo. Galibi yana dawowa, amma bayan watanni, wani sai ya haura shekara. To wa zai biya ta daren da ta kwana tana kuka? Ban ma taɓo kumburin nono da ƙurajen baya da hawan jini ba.

Yaya Hajiya, na san za a karanta miki wannan. Ki je ɗakin surukarki, matar ƙanenmu, ki ba ta haƙuri, girmanki ba zai ragu ba.

Su kuma wuraren gwaji su gyara. Na raka shi da kaina, aka miƙa masa 'yar roba a gaban layin mata, aka nuna masa banɗaki marar sakata. Magidanta da yawa daga bakin wannan ƙofar suke juyawa gida.