Sallama Uku a Jawabi Ɗaya

Malam ya ce kowa zai fito gaban aji ya yi jawabin minti biyar, ba duba takarda, kuma a buɗe da abin da zai kamo hankalin mutane. Ni ganuwar Kano ta faɗo a kaina. Na haddace abina tsaf, har ta kai in na ce "Gijimasu" a gida ƙannena watsewa suke yi.

Dabarata in buɗe da tambaya. Na fito, na yi sallama, na gyara zaman hula, na ce, "Wa ya san sarkin da ya fara gina ganuwar Kano?" A lissafina ajin zai yi tsit, sai in yi ɗan murmushi in ba da amsa.

Ai kuwa mutuniyar taku ta layin gaba, kun san ta, ta miƙe. Ko izini ban ba ta ba. "Gijimasu ne, jikan Bagauda, ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134." Da nan ta tsaya ai da sauƙi. Ina! Ta zarce kan Muhammadu Rumfa, yadda ya faɗaɗa ganuwar ya kafa Kasuwar Kurmi, ta gangaro har 1903 da Turawa suka shigo ta Ƙofar Kabuga. Malam sai gyaɗa kai yake. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, ana rabon gadona da raina.

Tana zama kaina ya ɗauke wuta. Duk wanda ya taɓa hadda ya san in ta kuɓuce farko ake komawa. Sai na ji bakina ya ce, "Assalamu alaikum." Aji ya amsa, har da ja. Na kalli silin, na kalli allo, na share gumi da hannun da ke riƙe da allin, ashe na yi wa goshina fari. Na buɗe baki, wallahi sallamar ce ta sake fitowa. Wani daga baya ya ce, "Mun amsa, shigo mana!" Malam ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago sai ya ce, "Malam, akwai saura?"

Abin da ke cina, takardata ce fa ta karanta. Ana gobe jawabin ta karɓa, wai za ta duba mini kuskure, ta haɗa da birona. Ita da ta fito yin nata a kan marinar Ƙofar Mata, wa ya katse ta? Har na tanadi tambaya a kan baba da toka, aka ce lokaci ya ƙure. Kuma mu haɗu a hanya ta gaishe ni lafiya lau, wai "Ya ganuwa?"

Makin dai ban je dubawa ba. Biron shuɗi ne, murfinsa a tattaune, in wani ya gan shi.