Wai ni ne injiniyan fada

Kwamfutar nan tawa da na saya kasuwar Katako bara, kun dai san ta. Wata biyu ke nan in na kunna ta sai in ɗora shayi, in sha na farko, in dawo tana nan tana juya ɗan zoben nan nata. Ni kuma tunda a fada injiniya kuke ce min, na yanke hukunci birus ne, na ƙara antibirus na biyu a kan na farko, abu ya ƙara taɓarɓarewa, na ɗauke ta sai wurin mai gyara.

Maigidan ba ya nan, sai yaronsa, ɗan abu bai fi shekara 14 ba yana tsotsar ƙanƙara a leda. Don kar ya raina ni na ce masa ni ma ɗan hannu ne, fomatin kawai nake so, lokaci ne ba ni da shi. Ko kallona bai yi ba. Muka jira ta tashi, minti 9 cur, da hannun hagu ya danna Ctrl, Shift da Esc, ledar na bakinsa, sai ga shafin da ke nuna aikin da kwamfutar ke yi ya buɗe. Diski na aiki 100 bisa 100, RAM, wato inda take riƙe abin da take aiki a kai, giga 4 ta kusa cika alhali ba a buɗe komai ba. Ya shiga wurin abubuwan da ke tashi tare da Windows ya fara ƙirgawa da ƙarfi, da ƙarfi fa jama'a, har 19.

"Tonton wa ya zuba maka wannan tarkacen?"

Na ce wani ƙanena ne.

"To ƙanen nan naka bai san komai ba, antibirus biyu ai kishiyoyi ne ɗaki ɗaya, kowace tana binciken kayan 'yar uwarta, yaushe za a dafa tuwo."

Na ce wallahi na sha gaya masa.

Ya kashe 15 daga ciki, ya cire antibirus ɗaya, ya ce diskin ma tsohon yayi ne mai juyawa, 5400 a minti, in na sa SSD, wato diskin zamani marar juyawa, ko ruwan shayin ba zai yi ɗumi ba za ta tashi. Sai ya kwance ƙasanta ya zaro wani curi daga bakin fanka, ƙurar hunturu da gashin bargo sun haɗu sun zama kamar audugar katifa, wai in zafi ya yi yawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. A ina kake ɗora ta? Kan katifa. Ƙanen naka ko kai?

To ni ba yaron ne ya ƙona min rai ba, tsohon nan ne da ya kawo rediyo. Baba ina ruwanka? Tun shigowata ya ji na ce ɗan hannu ne, sai da curin nan ya fito ya gyara zama ya ce "a miƙo min in gani injiniya". Ya ɗaga shi sama kamar mai tayin rago, ya kira telan da ke maƙwabtaka, tela ya bar keke ya zo. Rediyon nasa kuwa batir ne kawai ya sa a juye, wannan ba wanda ya yi masa dariya. Kuma ashe ya san surukina, layinsu ɗaya a unguwar Bukoki, har da ce min in gaida shi.

Jikka biyu na biya. SSD ɗin sai ƙarshen wata. Na iso gida in gwada ta na tarar an ɗauke kuran.