Takardar 'yan sanda ita kaɗai ba ta isa ba

Wani labari da na karanta ya ce a binciki duk mai aikin sa kai kafin a bar shi da yara, na yarda, amma takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa galibi wanda kotu ta taɓa hukuntawa take nunawa fa. Wanda ya kashe yara mata biyu a Soham ta Ingila a 2002 an sha kai ƙararsa, bayanin ne bai isa makarantar da ta ɗauke shi aiki ba. Ni dai a hana babba kaɗaitawa da yaro a ɗaki a rufe, ko tura masa saƙon WhatsApp da daddare. Kai kuma malam mai cewa bincike cin fuska ne, in ɗanka ne za ka miƙa shi haka kawai?