Kokawar 'yan sakandare a Amurka: abin da fim ke nunawa da abin da ke kan katifa

Bahaushen da ya kalli fim ɗin Amurka a kan kokawar 'yan makaranta ba ya shan wahalar gane shi, domin an gina shi ne kamar kokawarmu ta gida. Ga yaro mai zuciya, ga wani ƙato da kowa ke tsoro, a yi ta jiran ranar karo, a ƙarshe a ɗaga ƙaton a maka shi da ƙasa, fili ya ɗauki ihu. Mu da ke zaune a nan Amurka, muke ganin wasan a ɗakunan motsa jiki na makarantu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, mun san hoton nan ya fi kama da filin Takobi, gasar kokawar gargajiya ta Nijar, fiye da abin da yaran Pensilbaniya ko Ayowa ke yi.

A gida kayarwa ce ke raba gardama. A gasar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, ba a raba su ta nauyi, kuma da zarar bayan mutum ya taɓa yashi an gama. Makaɗa su cashe, mai nasara ya yi kirari. A makarantun Amurka kuwa, kayarwa maki 3 ce kawai (2 ce a da, an ƙara ta a kakar 2024-25), kuma daga nan ne aikin ke somawa. Zagaye uku ake yi, kowannensu minti 2, cikin da'irar da faɗinta bai gaza ƙafa 28 ba. Wanda aka kayar in ya suɓuce ya miƙe, ya ci maki 1. In ya juya ya koma sama, maki 2. Na sama in ya karkata kafaɗun na ƙasa kusa da katifa, alƙali zai fara ƙirga da hannu: daƙiƙa 2 maki 2, daƙiƙa 3 maki 3, daƙiƙa 4 maki 4. Wasa ba ya mutuwa nan take sai an danne kafaɗu biyu a katifa na daƙiƙa 2, ko tazarar maki ta kai 15.

Saboda haka yawancin mintoci shidan nan a ƙasa ake yin su, kuma ba abin da kyamara ke so ba ne. Yaro a durƙushe kan gwiwoyi da tafuka, wani a bayansa ya riƙe masa gwiwar hannu da ciki, ana faɗa a kan wuyan hannu guda. Na ƙasa yana neman ya kama yatsun na sama ya ture su zuwa ƙugunsa kafin ya miƙe, don in ya miƙe bai kwance hannun ba, komawa katifa zai yi. Na sama kuma doka ta hana shi haɗa hannayensa biyu a jikin na ƙasa muddin suna kan katifa, sai in yana dab da danne shi. In ya manta ya haɗa, an ba abokin karawarsa maki 1 kyauta. A farkon zagaye na biyu alƙali kan jefa wani faifai mai ja da kore don a san mai zaɓe, kuma sau da yawa yaro kan zaɓi ya fara daga ƙasa, tunda suɓucewa ta fi sauƙin kawo maki. Ka gaya wa mutumin Dosso ko Maraɗi cewa ɗan kokawa da bakinsa ya roƙi a fara da shi a durƙushe, ka ga kallon da zai yi maka.

Waccan makawa da ƙasa da ake rage wa gudu a fim don a ji ta a jika, ita ma laifi ce a makaranta. Wanda ya ɗaga mutum, shi ke da alhakin sauke shi lafiya. In ya buga shi da ƙarfin da ya wuce kima, maki 1 ya tafi, in kuma wanda aka buga ya kasa ci gaba, shi ne ya ci wasan yana kwance.

Wannan duka ana iya yafewa, mai fim kasuwa yake nema. Inda ban yafe musu ba shi ne maganar sikeli.

Fim ɗin da ya fi shahara a wannan fanni, Vision Quest na 1985, a kan rage nauyi aka ɗora shi kacokan: yaro zai sauko daga fam 190 zuwa 168, kimanin kilo 10, don ya kara da zakaran da ba a taɓa kayarwa ba. Yunwa, gudu cikin rigar roba, haɓo, duk an mayar da su alamar jarumta. Shekara 12 bayan fitowarsa, a ƙarshen 1997, 'yan kokawar jami'a uku suka mutu cikin 'yan makonni, a jihohi daban-daban, kowannensu yana ƙoƙarin matse ruwan jikinsa kafin awo. Ban ce fim ne ya kashe su ba, al'adar ta girmi fim ɗin. Amma daga nan dokoki suka sauya, masu shirya fim kuwa har gobe suna son wannan hoton na yaro mai tofar da yawu a kofi don ya rage nauyi.

Yadda ake yi yanzu shi ne, kafin kaka ta fara sai an gwada fitsarin yaro a tabbatar akwai isasshen ruwa a jikinsa. In awon kaurin fitsarin ya wuce 1.025, a sallame shi ya dawo wata rana. Sannan a auna kitsen jikinsa, a lissafa nauyin da zai kai in kitsen ya sauka zuwa kashi 7 cikin ɗari ga namiji, 12 ga mace. Ƙasa da nan ba shi da izinin sauka. Saukar ma da ƙa'ida: kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a mako. Jarumin fim ɗin can da yau ne, sai ya yi kusan mako 8, shi ma in kitsensa ya ba da dama. Rigar roba da ɗakin gumi da maganin sa fitsari duk an haramta su. Awo kuma ana yin sa ne dab da wasa, awa ɗaya kafin karon makarantu biyu, awa biyu kafin babbar gasa, da gangan, don wanda ya busar da kansa kada ya samu lokacin farfaɗowa. Irin wannan yaron a zagayen farko ƙalau yake. A na uku sai ka ga ƙafafu sun yi nauyi, riƙon ya saki, ya fara ja da baya zuwa bakin da'ira, alƙali ya ɗaga masa dunƙulen hannu na gargaɗin ɓata lokaci. Karo na biyu maki ne. Har yanzu yara na yin yunwar ɓoye, wannan gaskiya ne, amma kocin da ya san aikinsa ba ya tafa musu.

Mu da ba mu san rabon aji ta nauyi ba a kokawar kaka, mun tsira daga wannan masifar, sai dai mun biya ta wani gefen: ƙaramin jiki komai dabararsa wuya ya kai ga takobi. A nan yaro mai kilo 48 yana da nasa ajin, na fam 106, kuma nasararsa daidai take da ta mai fam 285 a lissafin makaranta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga fim don ba shi da kyan gani. Kafin awo sai an duba fatar kowa, kuma makero ɗan mitsitsi a wuya ya isa ya zaunar da zakara a benci in ba shi da takardar likita. Shi ya sa ake goge katifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum. Hular kunne dole ce a wasa, amma jarumin fim kan cire ta wajen atisaye don a ga fuskarsa, alhali a atisayen ne kunne ke lalacewa: gogayya ta tara jini tsakanin fata da guringuntsi, in ba a zuƙe shi da allura da wuri an ɗaure ba, ya daskare ya zama dunƙule har abada.

In za a yi adalci, Win Win na 2011 ya fi kusa da gaskiya, kuma dalilin a fili yake: yaron da ya fito a ciki, Alex Shaffer, zakaran jihar Niyu Jazi ne na gaske. Ana gani a tsayuwarsa, ƙugu a ƙasa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kai a ɗage. Ɗan wasan kwaikwayon da aka koya wa cikin wata biyu, in ya kai hari ƙafa, kansa a sunkuye yake, wanda ko ɗan ajin farko zai watsa ƙafafunsa baya ya danne masa ƙeya.

Sannan fim na son jarumi guda, alhali karon makarantu biyu lissafin mutum 12 zuwa 14 ne, gwargwadon jiha. Danne kafaɗu maki 6 ne ga ƙungiya, tazarar 15 maki 5, tazarar 8 zuwa 14 maki 4, ƙasa da haka maki 3. Don haka koci kan tura yaro mai rauni gaban zakara da umarni guda: kada ka yarda a danne ka. Yaron ya shafe minti na ƙarshe a bisa ƙeyarsa da dugadugansa, ya gantsare, kafaɗa ɗaya a sama da katifa da ɗan yatsa biyu, alƙali kwance rub da ciki yana leƙe. Ƙararrawa ta kaɗa, an cinye shi 9 da 2, ya ba da maki 3 maimakon 6. Aka ɗaga hannun abokin karawarsa, amma bencin da ya miƙe tsaye yana ihu nasa ne.