Wa Ke Zaɓa Mana Waƙar Ranar Lahadi?

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Wata Lahadi a majami'armu fasto ya yi wa'azi daga Zabura 51, addu'ar tuban Dawuda. Wuri ya yi tsit, ko tari ba ka ji. Wani dattijo a bencin gaba ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun rigarsa. Fasto bai gama rufe baki da amin ba sai mai ganga ya daka, mai jan waƙa ya ɗauki makirfo ya tayar da wata waƙar rawa, irin masu cewa maƙiyanmu za su ga ta kansu. Nan da nan kowa ya miƙe yana juyi. Tuban da aka fara ya bi iska.

Da aka tashi na ja yaron da ya tayar da waƙar gefe. Ya ce, "Baba, ai ban san abin da fasto zai yi magana a kai ba. Daren jiya na ji ta a waya, ta yi mini daɗi." Ban ga laifinsa ba. Mu ne muka ɗora masa kayan da ba nasa shi kaɗai ba.

Waƙar sujada koyarwa ce. Ku gwada ku gani: ranar Laraba ku tambayi mutum kan wa'azin Lahadi, zai yi ta sosa ƙeya. Amma waƙar tana bakinsa. Mace na wanke-wanke tana rera ta, yaro na kan hanyar makaranta da ita, marar lafiya a kan gado ita yake tunawa. Shi ya sa manzo Bulus a Kolosiyawa 3:16 ya haɗa koyarwa da gargaɗi da zabura da waƙoƙin yabo a aya guda. Masu karkatacciyar koyarwa ma sun daɗe da gane wannan. A Iskandariya ta Masar an yi wani malamin ikkilisiya mai suna Ariyus, wanda ya ce Ɗan Allah halitta ne. Ya zuba koyarwarsa cikin waƙoƙi don matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya, ta bazu kamar wutar daji, har sai da shugabannin ikkilisiya suka taru a Nikiya a shekara ta 325 suka ƙi ta. To idan ba ma barin kowa ya hau bagadi ya yi wa'azi haka kawai, don me muke barin kowace waƙa ta shigo ba a duba kalmominta ba?

A ganina nauyin ƙarshe yana wuyan fasto da dattawan ikkilisiya. Su aka ce su kula da garken a Ayyukan Manzanni 20:28, su ne kuma za su ba da lissafin rayuka kamar yadda Ibraniyawa 13:17 ta faɗa. Fasto ba zai ce "wannan sha'anin 'yan kwaya ne" ya wanke hannunsa ba. In waƙa ta yi wa jama'a alkawarin mota da gida wanda Ubangiji bai yi ba, shi za a tambaya.

Amma ya ku iyayenmu fastoci, ku yi haƙuri in faɗa muku taku. Ɗaukar nauyi daban, iya abu daban. Akwai faston da ya san tauhidi ciki da bai, amma in ya tayar da waƙa sai ya kai ta inda muryar kowa ba ta kaiwa, jama'a su yi ta shaƙewa a baiti na biyu. A 1 Tarihi 15:22 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa ne saboda gwani ne a kanta. Dawuda da kansa mawaƙi ne, mai kaɗa garaya, duk da haka ya keɓe Asaf da Heman da Yedutun da 'ya'yansu don aikin. Sura ta 25 ta ce horarrun mawaƙan sun kai 288, kuma suna aiki ƙarƙashin umarnin sarki. Kun ga ke nan, gwaninta tana da wurinta, biyayya ma tana da nata. Shugaban mawaƙa shi ya san wace waƙa jama'a suka iya, wacce za ta ɗauki wata guda kafin ta zauna, wacce ta dace da baiko, wacce ta dace da Jibin Ubangiji.

Akwai wasu masu zaɓen kuma da ba a naɗa su ba, kowa ya san su. Wanda ya saya wa coci kibod, tun daga ranar waƙar da yake so ba ta fashi. Ko ƙungiyoyi da ke gasa, Zumuntar Mata su yi tasu, matasa su ce sai sun fi su, kwaya ta ce ba za a bar ta a baya ba, rana ta take ba a kai ga Maganar Allah ba. Wannan ba na dogon bayani ba ne, 1 Korantiyawa 14:26 ta riga ta yanke: a yi kome domin ginawa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wata tsohuwa da ke zama kusa da taga. Littafin Waƙoƙinta bangon ya fita, ta ɗinke shi da zare. Ba ta ma buɗe shi sosai, don yawancin waƙoƙin suna kanta. Makonni uku a jere matasa suna yin waƙoƙin Turanci zalla, ita kuwa tana zaune, littafin a cinya, bakinta a rufe. Ba ta yi gunaguni ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Amma ranar da aka tayar da tsohuwar waƙar Hausa, muryarta ta fi ta lasifika fita. Duk mai zaɓen waƙa, ko fasto ne ko shugaban mawaƙa, ya riƙa ganin fuskarta yayin da yake rubuta jerin. Ya tuna da gwauruwar da ta binne mijinta makon jiya, wadda ba rawa take bukata ba. Ya tuna da matasan ma, kada a kore su da cewa duk sabuwar waƙa ta duniya ce. Zabura da kanta ta ce a raira sabuwar waƙa ga Ubangiji.

Bayan abin da ya faru ran nan, mun tsayar da ranar Alhamis da yamma, kafin koyon waƙa. Fasto ya faɗi nassin da zai karanta, shugaban mawaƙa ya kawo jerinsa, shugabar Zumuntar Mata da ɗaya daga cikin matasa su zauna. Sabuwar waƙa kuwa sai an karanta kalmominta a fili, ba ganga ba jita, a ji abin da take faɗa. Zaman bai cika wuce rabin awa ba. A zama na farko yaron nan da kansa ya karanta wata da ya kawo, ya kai tsakiya ya yi dariya, ya ce, "Baba, ashe ko sau ɗaya ba a ambaci Yesu a cikinta ba." Ya ninke takardar ya sa a aljihu.